Wa ya shawarci jaririya?

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Amma bashin ƙasa daban yake: wanda ya ci ba shi ke biya ba. Ministan da ya sa hannu yau zai sauka; jaririyar da aka haifa jiya a Maraɗi ita za ta biya da harajinta.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ba su jefa ƙuri'a, ba su bugo waya a shirinmu na rediyo. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, sai ta dinga jinkirin biyan gidajen likita, magani ya yi ta yankewa. In kuɗi ya yi ƙaranci, kason marar baki ake fara taɓawa.

Ban ce kada a ci bashi ba. Manomin da ya ranto iri, ɗansa zai ci tuwon. Wanda ya ranto don biki, ɗansa zai gaji mai bin bashi a ƙofar gida. Kafin a sa hannu, a tambaya: in yarinyar nan ta girma, me za ta tarar? Aji da malami a ciki, ko motocin manya da suka daɗe da lalacewa?