Wanda Ya Raunata Kansa: Zargi Ya Cancanta Ko Jinya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mas'alarmu ta wannan mako ita ce: idan mutum ya sa hannu ya raunata jikinsa da gangan, ko ya sha guba amma Allah Ya sa yana da sauran kwana, me ya wajaba a kan danginsa? Tambayar ta shafe mu ƙwarai a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gonakinsu, aka bar gwauraye da marayu da waɗanda aka fanso daga daji ɗauke da baƙin cikin da ba su da wurin sauke shi. Abin da aka saba yi shi ne a ɓoye maganar don kunya, ko a ce iskoki ne, ko a rufe mutum da faɗa a ce imaninsa ya yi rauni.

Haramcin aikin dai babu gardama a kansa, aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta isa hujja. To, amma hukuncin aiki daban, mu'amala da mai aikin kuma daban. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru. Ciwo ya tsananta masa, haƙurinsa ya ƙare, ya ji wa hannuwansa rauni har ya cika. Ɗufailu ya gan shi a mafarki, Allah Ya gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwan suna lulluɓe. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji wannan, sai ya roƙa wa hannuwan nan su ma gafara. Idan wanda ya riga ya mutu ya sami addu'a, ina ga wanda ke zaune cikin gidanmu da ransa?

Wani zai ce zuwa wurin likita a zauna ana hira ai al'adar Turawa ce. Wannan rashin sanin littattafanmu ne. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bayyana cikin Masalihul Abdani wal Anfus cewa rai yana ciwo kamar yadda jiki ke yi, kuma ana magance mugun tunani da kishiyarsa. Har ya ba da shawara mutum ya tanadi tunani nagari tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki don ranar bukata.

Kusan haka likitocin yau suke yi. Masani yakan zauna da majinyaci mako-mako, su bi diddigin tunanin da ke zuwa kafin aikin, watau irin su "ni kaya ne a wuyan mutane", su auna shi, su nemi abin da zai yi maimakon cutar da kansa idan zuciya ta tafasa. Wata Ba'amurkiya, Marsha Linehan, ta tsara hanyar da ke koya wa mutum jure ƙunci har ya wuce. A 2011 ta bayyana cewa ita kanta ta yi fama da wannan cuta tana budurwa. Binciken da aka tattara ya nuna irin waɗannan hanyoyi suna iya rage maimaita aikin, ko da yake ba kowa suke yi wa amfani ba. Ni ban ga inda koyon haƙuri a hannun gwani ya saɓa wa tawakkali ba.

Wahalar ita ce ƙarancin masanan. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ya fi kilomita 200 daga Gusau, hanyar kuwa kun san halinta. Saboda haka kafin a kai can, a fara da likitan da ke kusa, a kawar da fiya-fiya da makamai daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma tambaye shi abin da ke damunsa a saurara har ya gama. Limamin da aka kawo wa irin wannan ya yi addu'a, sa'an nan ya ce a kai shi asibiti.