Zare Ɗaya da Kwarashi

Tsarki ya tabbata ga Ubangijin da Ya fitar da farar auduga daga baƙin iri, Ya kuma sanar da yatsun ɗan Adam abin da ba su sani ba. Idan kaka ta wuce a karkarar Dambatta da Makoda da Bichi, inda gida ke jin tarin maƙwabcinsa kuma gona ba ta san hutu ba, gero da dawa sun shiga rumbu, mukan ga baiwar Allah a tsakar gida, kwarashi a hannun dama, zare naɗe a ɗan yatsan hagu, tana saƙa igiyar wuya wadda za a rataya makullin ɗaki, ko usur ɗin ɗan sintiri, ko katin shaidar ɗalibi. Ido yakan raina igiyar nan, amma mai tadabburi ba zai wuce ta ba.

Zare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu mata sun yi gurza da shiɓa da kaɗi da mazari, masaƙan Minjibir sun yi suna, kuma Barth ɗan Jamus, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya tarar arzikinta a kan saƙa da rini yake. Rataya ma gado ce, domin da hamila barde ke saɓa takobinsa, da igiya uwa ke sanya wa ɗanta laya. Kwarashi ne kaɗai baƙon: a Turai ya bunƙasa a ƙarni na 19, sunansa kuwa daga Faransanci, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya.

Sirrin aikin abin al'ajabi ne. Mai saƙa takan fara da ɗaurin zarge, ta zura ƙugiya, ta kamo zare, ta jawo shi ta cikin zargen, sai sabon zarge ya haifu daga na farko, shi ma ya haifi na bayansa, har sarƙa ta kai kamar kamu biyu. Duk tsawon nan zarge ɗaya tal ne a raye a bakin kwarashi. Sauran sun kwanta, kowanne riƙe da wuyan ɗan'uwansa. Idan hannu ya tsananta saƙa ta ƙage ta murɗe, idan ya sake ta yi lakwaf, don haka sai an bi tsakaitawa, wadda ba a koyar da ita da baki. Gwanaye ba sa tsayawa a sarƙa guda, sukan komo a kanta da layi na biyu don kada nauyin makulli ya miƙar da ita. A ganinmu zaren auduga ya fi ulun kanti dacewa da zafin bazara, komai kyan launin ulun, domin yana shan gumi kuma ba ya cin wuya.

Sai dai duk ƙarfin nan a kan ƙulli ɗaya ya dogara. Matuƙar ba a datse zare an zura bakinsa cikin zargen ƙarshe ba, yaro mai rarrafe ya isa ya mayar da aikin yini tufka da warwara cikin ƙiftawar ido. Mai ganin haka dole ya tuna misalin da Alƙur'ani mai girma ya buga a Suratun Nahli, aya ta 92, game da mai warware zarenta bayan ya yi ƙarfi, a wurin gargaɗin masu saɓa alkawari. Da makullin rumbu ake jarraba amana a gidan manomi, kuma ga shi zare ne ke riƙe da shi.

Ƙarfin ma yana da haddi. Igiyar da za a sa wa ƙaramin yaro gara a haɗa ta ta ƙeya da siririn zare mai saurin tsinkewa, domin idan reshe ko ƙaya ta kama ta a hanyar gona, igiyar ce ya kamata ta saki. Ta maigida kuwa akan ɗaura mata zoben ƙarfe, a ɓoye bakin zaren cikin saƙa, ya zura ta ƙarƙashin taguwa ya kama hanyar kasuwa.