Ganyen da ya lulluɓe Annabi Yunusa (A.S)

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan uwa, lokacin da kifi ya amayar da Annabi Yunusa (A.S) a gaɓar teku, ya fito a galabaice, babu rufi, babu inuwa. Sai Allah Ya tsirar masa da wata shuka, kamar yadda ya zo a Suratus Saffati, aya ta 146. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce duma ne. Ibnu Kasir ya kawo amfaninsa: yana saurin girma, ganyensa faffaɗa ne mai laushi, kuma ƙuda ba ya kusantarsa.

Ku duba giginyar ƙasar Gaya. Ganyenta ya fi na duma girma nesa ba kusa ba, amma yana can sama, na nesa ke shan inuwarta. Shi kuwa duma yaɗo yake a ƙasa, daidai inda majinyaci yake kwance.

A zawiyoyinmu akwai masu dawowa bayan sun daɗe da barin wazifa, kunya ta ishe su. Idan muka tarbe su da "ina ka shige?" da kallon tuhuma, mun zama ƙudaje a kan miki, kuma da wuya su sake dawowa. Mu matsa masu a sahu, mu rufa masu asiri har zuciyarsu ta warke.

Allah Ya lulluɓe mu da suturarSa, albarkacin Manzon Allah (S.A.W). Amin.