HAƘƘIN LEBURA BAI TSAYA GA KUƊIN YINI BA



Yau nasihata ga 'yan kwangila ce da masu ba da aikin gini. Lebura ya yini yana kwaɓa siminti, yana hawa bene da bulo a ka, rana na dukansa. Yamma ta yi a ce masa "dawo gobe", alhali gida babu ko mudun garin masara, ga bashi. Wannan damuwar ita ke hana shi barci, wani har ta kai shi ga tiramol don ya iya aikin gobe. Wanda hankalinsa ya rabu biyu a saman bene, taku ɗaya ne tsakaninsa da mutuwa.

Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya gama masa, sannan ya hana shi ladansa, Allah da kansa ne abokin husumarsa ranar ƙiyama. Ku ji tsoron Allah! Ku biya a kan lokaci, ku ba da hutun sallah da cin abinci, ku daina zagi.

Ku kuma magina, ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Idan ka ga abokin aikinka ya daina magana, yana cewa ya gaji da rayuwa, zauna ka saurare shi. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa da Kware.

Allah Ya yaye mana damuwa. Amin.