Bimbini a Kan Maganar Allah a Shekarar Hasara

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe a ƙasa tun kafin lokacin haƙa. A Fadan Kagoma da ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, citta ita ce kuɗin makarantar yara, ita ce kwanon rufin ɗaki, ita ce biyan bashin taki. Da ta lalace, barci ya ƙaurace wa magidanta da yawa. Mai bi yakan je sujada ran Lahadi, ya yi waƙa tare da jama'a, amma da dare ya yi tsaka sai lissafin bashi ya dawo masa.

Wanda ya kwana yana juya bashi a ransa ya riga ya iya bimbini, sai dai a kan damuwa yake yinsa. Littafi Mai Tsarki bai ce a wofintar da zuciya ba, kamar yadda waɗansu koyarwar zamani suke cewa. Yana kira ne a sāke abin da zuciya take juyawa. Kalmar Ibrananci da ke cikin Joshuwa 1:8 da Zabura 1:2 tana nufin maimaita magana a hankali, da ƙaramar murya. Saniya takan yi kiwo da rana, sa'an nan ta kwanta ta yi tuƙa, ta haka ciyawa take zama nono. Ayar da aka ji daga bagadi ba ta ciyar da rai sai an koma an tauna ta.

Annabi Habakuk ya san irin wannan shekara. A sura 3, aya 17 zuwa 19, ya lissafta hasara ɗaya bayan ɗaya, daga itatuwa da gonaki har garke, bai ɓoye kome ba, bayan haka ya kafa murnarsa a kan Allah Mai Cetonsa. Bulus kuma yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa game da salamar Allah (4:6-9). Dukansu biyu sun sami salama tun wahala ba ta wuce ba.

Yin wannan ba ya bukatar ilimi mai zurfi. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda bai iya karatu ba kuwa jikansa yana iya karanta masa. Iyali su keɓe minti goma sha biyar da asuba, lokacin da Yesu kansa yakan keɓe don addu'a (Markus 1:35), su kashe rediyo, su ajiye waya. Maigida ko uwargida ya karanta aya ɗaya sau uku, a yi shiru. Kowa ya tambayi kansa abin da ayar ta faɗa game da Allah, da abin da take nema daga gare shi a ranar. Daga nan a mai da ita addu'a, a tafi da ita gona, kasuwa ko makaranta. In damuwa ta taso da dare, ayar nan ce za a maimaita.

Bimbini ba ya biyan bashi, ba ya kuma hana manomi neman iri mai lafiya da shawarar malaman gona. Amma yana tsare mutum daga huce fushi a kan matarsa da 'ya'yansa, yana hana shi neman mantuwa a gidan burkutu, yana ba shi hankalin zama da mai binsa bashi su yi magana cikin gaskiya. Gidan da ya rasa amfanin gona bai kamata ya rasa zaman lafiya kuma ba.

Ubangiji ya ba kowane gida ayar da zai riƙe a wannan mako, salamar Almasihu kuwa ta mallaki zukata. Amin.