MASHIN DA AKA JEFA A CIKIN GIDA

Karatu: 1 Sama'ila 20:27-34
Ayar tunani: Zabura 27:10

Idan ka shiga Kara a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka lura da san da ya sha duka a hannun mai shi na farko. An gama ciniki, an biya kuɗi, an miƙa igiya ga sabon mai shi, amma da zarar wani ya ɗaga hannu sai ya zabura. An riga an saye shi, jikinsa ne bai sani ba tukuna.

Da yawanmu haka muke. Ka girma, ka yi aure, kana zuwa sujada, wataƙila har kana cikin mawaƙa. Amma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabanka ya faɗi. 'Yar'uwa, har yau in kin fasa kwano kina jin muryar da ta ce miki ba za ki taɓa zama komai ba. Wanda ya yi wannan rauni kuwa ba baƙo ba ne. Baba ne, ko mama. Shi ya sa ka yi shiru shekara da shekaru, domin an ce maka tarbiyya ce, an ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam.

Dubi Jonatan a karatunmu na yau. Ɗan sarki ne, jarumi, yana zaune wurin cin abinci da mahaifinsa. Don ya tambayi laifin Dawuda kawai, Saul, wanda ya riga ya zage shi har ya haɗa da mahaifiyarsa, ya jefe shi da mashi. Jonatan ya tashi da fushi, bai ci abinci ba ranar. Ka lura, Littafi Mai Tsarki bai rufa wa Saul asiri don shi uba ne ko don shi sarki ne ba. Abin da Allah ya kira mugunta, kada ka kira shi horo. Sura ta 6 ta Afisawa, wadda ta umarci 'ya'ya su girmama iyaye, ita ce a aya ta 4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu.

Saboda haka warkarwa tana farawa da faɗin gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka durƙusa ka gaya wa Ubangiji abin da aka yi maka da sunansa: dorinar, yunwar, zagin, ko abin kunyar da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Ba laifinka ba ne. Yaro ne kai a lokacin.

Sai gafara. Gafara ba cewa ba kome ba ne, ba kuwa komawa inda mashi yake tashi ba. Dawuda ya sami zarafin kashe Saul a kogo, ya ƙi. Amma da suka rabu, Saul ya tafi gida, Dawuda kuwa ya koma mafakarsa. Kana iya gaishe da tsohonka, ka kai masa hatsi da magani, ba tare da ka bar 'ya'yanka a hannunsa ba. Gafara ita ce ka miƙa shari'ar ga Allah, ka daina zama alƙali dare da rana. Idan yau ba ka iya ba, roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ko da niyyar.

Kada kuma ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Nemi fasto ko dattijuwa mai riƙon amana. In barci ya ƙaurace maka, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa, ka ga likita. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. In kuwa akwai yaron da ake azabtarwa a maƙwabtanka, a Dagumawa ko wani wuri, kada ka yi shiru. Tun 2023 Jihar Kano tana da dokar kare yara.

Jonatan bai yi musun mahaifinsa ba, har tare suka mutu a Dutsen Gilbowa, amma bai gaji mashinsa ba. Kai ma, da jinin Yesu aka saye ka. Igiyarka tana hannun Uban da ba ya yashe nasa. Daren yau, in ɗanka ya yi kuskure, hannunka ya tashi, ka tsaya, ka kira sunan Yesu. A wurinka wannan gado zai ƙare.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka ga abin da aka yi mini a ɓoye. Ka warkar da zuciyata, ka karya karkiyar tsoro da ɗacin rai. Ka koya mini gafara, ka tsare gidana daga abin da na sha. Cikin sunan Yesu, Amin.