Furannin Kashmir a Hannun Ustaz Mansur

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsirrai masu launuka daban-daban. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa, a shekarar 1620 Sarkin Indiya Jahangir ya kai ziyara Kashmir lokacin da furanni suka buɗe, kuma a cikin tawagarsa akwai wani mai zane, Ustaz Mansur, wanda sarkin ya yi wa laƙabi da Nadirul Asri. Jahangir ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa furannin da Mansur ya zana a can sun haura 100. Ba rubutu aka sa shi ba, ba lissafin haraji ba. Aikinsa shi ne ya zauna gaban fure ya dube shi har ya san shi.

Kayan aikin masu zanen wannan fada abin lura ne. Sukan manna takardu kan juna har su yi kauri, su goge da dutse mai santsi. Burushinsu daga gashin wutsiyar kurege ake yin sa, bakinsa siriri kamar tsinin allura. Launin kuwa daga ƙasa da tsiro yake fitowa: shuɗi daga dutsen lazuwardi ko daga baba, ja daga ma'adini. A niƙa shi lukui, a kwaɓa da ruwa da ƙaro, irin wanda almajiri ke jefawa cikin tawada don ta kama allo. Sai a shimfiɗa launi sama-sama, a bari ya bushe, a goge bayan takardar, a sake shimfiɗa wani. Mai gaggawa ba ya iya wannan sana'a.

A ganina, darajar Mansur tana cikin amanar idonsa. Jan furen nan da Farisawa ke kira lala, wanda zanensa ke ajiye a ɗakin karatu na Maulana Azad a Jami'ar Aligar, Mansur bai ƙara masa ado ba, bai miƙar da abin da ya lanƙwashe ba. Yadda aka halicce shi, haka ya shaide shi. Suratu Faɗir ta ambaci saɓanin launukan 'ya'yan itatuwa da duwatsu da dabbobi, nan take ta biyo da ambaton malamai masu tsoron Allah. Wannan jeri yana nuna mana cewa duban launi da natsuwa ƙofa ce ta ilimi, kuma nawa ne a cikinmu ke taka furen damina ba tare da sun san ganyensa nawa ba?

Dole a faɗi gaskiya: Mansur ya zana masu rai ma, kamar talotalon da aka kawo wa sarki daga Gowa a 1612, da jakin dawa a 1621. Wannan fage ne da malamai suka tsananta a kansa. Amma tsirrai ƙofarsu a buɗe take, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya umurci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai.